Yadda ake horar da kakakin kamfani kafin ya zauna gaban 'yan jarida

Ranar 20 ga Afrilu, 2010, dandamalin haƙar mai na Deepwater Horizon, wanda ke yi wa kamfanin BP aiki a Mashigin Tekun Meziko, ya yi bindiga. Ma'aikata 11 suka rasu, ɗanyen mai ya yi ta malala cikin teku har kwana 87. A ƙarshen watan Mayu shugaban kamfanin, Tony Hayward, ya tsaya gaban kyamara ya ba mutanen yankin haƙuri, sai kuma ya ɗora da cewa babu wanda ya fi shi ƙosawa a gama da wannan lamari, domin shi ma yana son ya koma rayuwarsa ta da. Haƙurin da ya bayar babu mai tuna shi yau. Wannan 'yar jimlar ta ƙarshe ita aka yi ta maimaitawa a gidajen talabijin, ana haɗa ta da hotunan iyalan mamatan, kuma kafin shekarar ta fita ya sauka daga kujerarsa.

Duk horon kakaki a kan wannan yake. Ɗan jarida zai zauna da kai minti 20, amma abin da zai fita a labarai bai fi daƙiƙa 15 ba, kuma ba kai za ka zaɓa ba. Iyakar abin da ke hannunka shi ne kowace jimla da ta fito daga bakinka ta kasance wadda in an yanke ta ita kaɗai, an raba ta da ta gabanta da ta bayanta, ba za ka ji kunyarta ba. Ga yadda ake kai mutum wannan matsayi.

Mataki na 1: A tsayar da mai magana tun ana zaman lafiya

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfani ya zaɓi aƙalla mutum biyu, domin ranar da abu zai faru ɗaya na iya kasancewa a jirgi ko a gadon asibiti. Girman muƙami ba ya sa mutum ya iya magana. Akwai shugaban da ya san aikinsa ciki da bai, amma da an taɓa shi sai ya hasala, irin wannan kuwa ɗan jarida na gane shi cikin minti biyu. A nemi mai sanyin rai, wanda ya san aikin kamfanin, kuma yake da damar shiga ofishin manya ya ji gaskiyar abin da ke faruwa. Kakakin da ake ɓoye wa magana, an tura shi ne ya yi ƙarya ba tare da ya sani ba.

Sauran ma'aikata, tun daga mai gadi zuwa mai amsa waya, a koya musu abu ɗaya: su karɓi sunan ɗan jaridar da lambarsa da kafar da yake wa aiki cikin mutunci, su miƙa wa jami'in hulɗa da jama'a nan take. Kada su kore shi, kada kuma su tsaya ba shi labari.

Mataki na 2: Kafin ka amsa, kai ma ka yi tambaya

In ɗan jarida ya kira, kada ka fara hira a wannan kiran. Ka ce masa za ka neme shi bayan minti 20 ko 30, kuma ka cika alkawari. Kafin ka ajiye wayar, ka ji waɗannan daga bakinsa: wace kafa ce, a kan me labarin yake, kai-tsaye za a yi ko naɗa za a yi a tace, minti nawa, su wa kuma za a ji ta bakinsu, sannan ƙarfe nawa ne wa'adinsa. Wannan ta ƙarshe ita mutane suka fi rainawa. Ɗan jarida yana da edita a kansa da lokacin da dole ya miƙa aiki. In ka wuce lokacin, labarin zai fita ba tare da kai ba, da 'yar jimlar nan da kowa ya sani: duk ƙoƙarin jin ta bakin kamfanin ya ci tura.

A cikin minti 30 ɗin nan ka duba labarai biyu ko uku da ya yi a baya. Za ka gane ko masanin fannin ne ko kuwa an turo shi ne yau kawai, ko mai titsiye ne ko mai lallaɓawa.

Abu biyu kada ka nema. Kada ka ce sai an turo maka jerin tambayoyi kalma bayan kalma, domin kafafen da suka san kansu ba sa yi, waɗanda suka yi ma ba abin da zai hana su fita daga jerin. Ka nemi batutuwan da za a taɓo, wannan haƙƙinka ne. Haka kuma kada ka ce sai ka ga labarin kafin a buga.

Mataki na 3: Saƙo uku, kowanne da hujjarsa

Ka ɗauki takarda ka rubuta abu uku da kake son mai sauraro ya tashi da su. Uku, domin in suka kai bakwai kai kanka sai ka manta na biyar. Kowane saƙo ya zama jimla ɗaya da za a iya faɗa da numfashi ɗaya, a ƙarƙashinsa kuma hujja: adadi, ko misali, ko wani aiki da aka riga aka yi.

A ce kamfanin sadarwa ne, sabis ya ɗauke na awa shida jiya. Na farko: mun san abin da ya faru, ga shi. Na biyu: ga abin da muka yi wa waɗanda abin ya shafa. Na uku: ga abin da muka canza don kada a sake. In babu hujja a ƙarƙashin na uku, ka goge shi, kada ka je ka yi alkawarin da injiniyoyi ba su san da shi ba.

Sai a wanke saƙon daga yaren ofis. A watan Afrilun 2017 jami'an tsaro suka jawo wani fasinja a ƙasa daga cikin jirgin United Airlines a Shikago, fuskarsa jina-jina, sauran fasinjoji na ɗauka da wayoyinsu. Sanarwar farko ta shugaban kamfanin, Oscar Munoz, ta ba da haƙuri ne a kan an "sake wa fasinjoji tsarin tafiya". Duniya ta ga mutum ana jan sa kamar buhu, kamfani kuma na magana kamar an canza lambar kujera. Sai da ya sake fitowa ya ba da haƙuri na haƙiƙa, bayan aikin gama ya gama. Gwajin da nake so a nan mai sauƙi ne: ka karanta wa wani wanda bai taɓa aiki a fanninku ba, ka ce ya maimaita maka da bakinsa. In ya kasa, laifin saƙon ne.

Mataki na 4: Jerin tambayoyin da kuke tsoro

A tara mutum uku ko huɗu daga sassa daban, har da lauya, a rufe ƙofa, kowa ya faɗi tambayar da yake addu'ar kada a yi. Korar ma'aikata, albashin shugabanni, ƙarar da ke kotu, kayan da aka taɓa janyewa daga kasuwa. A rubuta su duka, a rubuta amsa ta gaskiya ga kowace. Inda ba a iya magana saboda shari'a ko sirrin abokin ciniki, a rubuta dalilin, domin dalilin ne za a faɗa.

Tambayoyin tarko kuwa iri-irinsu ba su da yawa, gara kakaki ya san fuskarsu:

Akwai mai cusa maka kalma: "Yallaɓai, ashe kun yaudari jama'a ke nan?" In ka ce "ba mu yaudari jama'a ba", ka ba shi kanun labari da kalmar yaudara a ciki, kuma daga bakinka. Shugaban Amurka Richard Nixon ya faɗa wannan rami a 1973 lokacin da ya ce shi ba macuci ba ne, kalmar ta manne masa har bayan ransa. Ka amsa da naka kalmomin: "Mun sanar da masu hulɗa da mu tun awar farko, ga kuma abin da muka gaya musu."

Akwai ta "in da": in da mutum ya mutu fa, in da kotu ta same ku da laifi fa? Ba a amsa shaci-faɗi. Ka ce ba za ka yi hasashe ba, ka koma kan abin da aka tabbatar.

Akwai mai ba ka zaɓi biyu, duka munana: sakaci ne ko rowa? Ba dole ka ɗauki ko ɗaya ba. Akwai kuma mai kawo maka maganar wani da ba ka ji da kunnenka ba, wai abokin hamayyarku ya ce kaza. Ka ce ba ka ga maganar ba, ba za ka yi sharhi a kanta ba sai ka gani.

Wadda ta fi duka cin mutane ita ce shiru. Ka gama amsa, ɗan jaridar ya zuba maka ido bai ce komai ba. Daƙiƙa uku sai ka ji kamar shekara, sai ka ci gaba da magana don cike gurbin, a nan ne ake sakin layi. In ka gama, ka tsuke bakinka. Cike shirun aikinsa ne.

Mataki na 5: Atisaye gaban kyamara

Nan ne horon yake. Duk abin da ya gabata shiri ne, kuma na sha ganin wanda ya haddace takardarsa tsaf ya watse a tambaya ta biyu. Ba a buƙatar kayan aiki masu tsada: waya a kan maɗauki, fitila ɗaya, kujeru biyu, da wanda zai zama ɗan jarida. Wannan mutumin kada ya kasance ƙaramin ma'aikaci mai jin nauyin maigida. A samo tsohon ɗan jarida ko wani daga waje wanda ba ruwansa da muƙamin kowa.

Zagaye uku ake yi. Na farko hira mai laushi ta minti biyar, don a ga ko saƙo ukun sun fito. Na biyu titsiye, da katse magana da maimaita tambaya. Na uku na ba-zata: a tare shi a bakin ƙofa yana fitowa, a ɗora masa makirufo a baki. Bayan kowane zagaye a kunna bidiyon a kalla tare, domin gani ya kori ji. Ka gaya wa mutum sau goma cewa yana kaɗa ƙafa, zai musa. Ya gani sau ɗaya, ya daina.

Na taɓa zama a irin wannan atisaye da wani manaja, mutum mai ilimi da kamala. Aka tambaye shi me ya sa sabis ya ɗauke. Ya fara da tarihin kamfanin, ya bi ta kan jarin da suka zuba, sai a daƙiƙa ta 50 ya iso kan amsar. Da aka kunna masa, mai horarwar ta tsayar da bidiyon a daƙiƙa ta 15 ta ce, "Ranka ya daɗe, nan edita zai yanke. Me ka faɗa?" Ya yi shiru, ya shafa haɓa, ya ce, "Ban ce komai ba." Aka sake. A karo na huɗu ya buɗe baki da cewa wata na'ura ce ta ƙone da tsakar dare, an maye gurbinta kafin asuba, kuma za a mayar wa kowa abin da ya yi asara. Daƙiƙa 12. Abin da ya canza kawai shi ne ya sa amsar a gaba, bayani a baya.

Wajen kallon bidiyon, a fara da abin da ya yi daidai, sannan a ɗauki gyara biyu kacal a kowane zagaye. In aka jibga masa goma, zai shiga na gaba yana lissafin hannunsa da idonsa ya manta maganarsa. A kuma gwada kallon bidiyon ba sauti, a ga me fuskar ke faɗa ita kaɗai. Murmushin da mutum ke yi don ya ɓoye fargaba, in batun rasa rai ake, yana fitowa kamar izgili.

Horo ɗaya a shekara ba ya isa. A maimaita duk bayan 'yan watanni, sannan a yi gajeren gwaji na minti 10 kafin kowace babbar hira.

Mataki na 6: Amsa, sannan gada

Dabarar da ake koya wa kowane kakaki ita ce ya amsa abin da aka tambaya a taƙaice, sannan ya ƙetara zuwa saƙonsa da 'yar jimla irin "abin da ya kamata jama'a su sani shi ne" ko "amma babban batun a nan". Dabara ce mai kyau, sai dai an ɓata ta. Da yawa sun mayar da ita hanyar zillewa, su tsallake amsar su hau gadar kai-tsaye, suna zaton ba a gane ba. Ana ganewa. A 1997, a shirin Newsnight na BBC, ɗan jarida Jeremy Paxman ya yi wa ɗan siyasar Birtaniya Michael Howard tambaya ɗaya fiye da sau 10, shi kuma yana ta kwana-kwana. Har gobe ana nuna wannan hira a azuzuwan koyon aikin jarida, kuma ba don a yabi mai amsar ba.

Saboda haka a ra'ayina amsa uku ce kawai ta halatta: ga amsar, ban sani ba amma zan bincika in kira ka kafin ƙarfe kaza, na sani amma ba zan iya faɗa ba, ga dalili. "Ba ni da ta cewa" ba ta cikinsu, domin a kunnen mai sauraro daidai take da amsa laifi. Ƙarya kuwa ba ma a kawo ta cikin lissafi, raminta ƙurarre ne, kuma ɗan jaridar da ka yi wa ita sau ɗaya ya daina yarda da kai har ka bar aikin.

Mataki na 7: Makirufo ba ya barci

'Yan jarida suna da matakan sirri. Akwai maganar da za a buga da sunanka, akwai wadda za a buga a sakaya sunanka a ce wata majiya, akwai wadda ba za a buga ba sam. Akwai kuma ƙa'idar Chatham House, wadda aka kafa a Landan a 1927, inda ake iya amfani da abin da aka ji a taro amma ba a faɗin wanda ya faɗa. Matsalar ita ce ba kowa ke fassara su iri ɗaya ba, kuma sharaɗin ba ya aiki sai an amince da shi kafin ka yi maganar. Ba a sakin magana sannan a ce "wannan tsakaninmu ne". Ga sabon kakaki shawarata ɗaya ce: abin da ba ka son gani a jarida, kada ka faɗe shi.

Hira ba ta ƙarewa don an ce an gode. A yaƙin neman zaɓen 2010, Firaministan Birtaniya Gordon Brown ya gama gaisawa da wata mata, ya shiga mota, ya kira ta mai tsattsauran ra'ayi, alhali makirufon gidan talabijin na maƙale a rigarsa. Sai da ya koma har gidanta ya ba da haƙuri. Lokacin da ake naɗe wayoyi, ana raha, ɗan jarida ya ce "af, na manta", wannan ma hira ce.

Raha kanta a yi hattara da ita. A 1991 Gerald Ratner, mai babban kamfanin sayar da kayan ado a Birtaniya, ya yi barkwanci a wani jawabi cewa wani kayansu yana da araha ne saboda tarkace ne. Zauren ya yi dariya, jaridu suka ɗauka, darajar kamfanin ta faɗi da kusan fam miliyan 500, shi kuma ya rasa muƙaminsa a shekarar da ta biyo.

Mataki na 8: Jiki da murya

Wannan ba ya buƙatar dogon bayani. Ka kalli mai tambayar, ban da kyamara, sai in ta intanet ake hirar ko kana wani ɗaki kai kaɗai, to nan idon kyamarar za ka kalla. Ka zauna a kujerar da ba ta juyawa. Ka guji tufafi masu ƙananan zane, suna rawa a allo. A rediyo ka rage sauri, ka ajiye takarda, domin ana jin muryar mai karatu. In ta kwamfuta ce, ka ɗaga ta daidai idonka, haske ya kasance a gabanka, ka kashe sanarwar saƙonni, ka duba abin da ke bayanka.

Mataki na 9: Ranar da abu ya lalace

In an yi haɗari ko an rasa rai, tsarin magana yana canzawa: mutane tukuna, sannan aiki, kamfani a ƙarshe. Ka fara da waɗanda abin ya shafa, ka faɗi abin da ake yi yanzu, ka faɗi lokacin da za a sake ba da bayani. Asarar kuɗi da gajiyar ma'aikata da taka wahalar, ka bar su a cikinka. A irin wannan rana ce kawai nake cewa dole shugaba da kansa ya fito, kakaki ya koma gefe.

Kada a jira sai an san komai. Cikin awar farko a fitar da gajeriyar sanarwa: mun samu labari, ga abin da muka tabbatar, ga lambar da iyalai za su kira. Kada a faɗi musabbabi kafin bincike, kada a faɗi adadin da ba a tabbatar ba, kada a ambaci sunan mamaci kafin a sanar da danginsa. Lauya zai so a yi shiru gaba ɗaya, aikinsa ke nan, amma jajantawa daban take da amsa laifi, kuma wannan muhawara gara a gama ta tun a mataki na huɗu.

Har yau ana kafa misali da kamfanin magunguna na Amurka, Johnson & Johnson. A 1982 mutum 7 suka mutu a yankin Shikago bayan sun sha maganin Tylenol da wani ya sa wa guba. Kamfanin ya gargaɗi jama'a a fili su daina sha, ya janye kwalabe kusan miliyan 31 daga kasuwa, shugabansa James Burke ya yi ta fitowa yana amsa tambayoyi, sannan suka dawo da maganin cikin marufin da ke nuna in an taɓa shi. A lura, maganar ta yi tasiri ne saboda akwai aiki a bayanta. In kamfani bai yi komai ba, babu horon da zai ba kakakinsa abin faɗa.

Mataki na 10: Bayan an tashi

Ka naɗi hirar da wayarka kai ma, ka sanar da ɗan jaridar kana yi. Duk abin da ka ce za ka aiko, ka aika kafin wa'adinsa. In labarin ya fito da kuskure na zahiri, kamar adadi ko suna ko kwanan wata, ka kira shi kansa tukuna cikin lumana ka nemi gyara, sai in ya ƙi ne za ka je wurin edita. In kuwa salon labarin ne bai maka daɗi ba, ko kanun, wanda sau da yawa ma ba shi ya rubuta ba, ka haɗiye.

Daga nan ku zauna da wanda ya horar da kai, ku kalli abin da aka watsa, ku gwada shi da takardar saƙo ukun: nawa suka shiga, wace jimla edita ya zaɓa, kuma me ya sa ita. Tambayar da ta ba ka wahala a ƙara ta cikin jerin mataki na huɗu, da ita za a buɗe atisaye na gaba.